Wace kalma za mu ba "conservation": karewa, adanawa ko tattali?

Daga Tudun Wada:
Salamu alaikum malamai. Ina shirya wa 'yan aji shida darasin muhalli da Hausa, sai na maƙale a kan kalmar nan ta Turanci, "conservation". A rediyo wani ya ce kare namun daji, wani ya ce adana gandun daji, wani kuma alkinta muhalli. Wacce zan rubuta wa yara a allo?

Daga Kawo:
Wa alaikumus salam, Malama. Ni dai a fara fitar da "karewa". Yawancinmu ba ma sa ƙa mai lanƙwasa in muna rubutu a waya. In aka rubuta "karewar giwaye a Yankari", mai karatu bai san ko tsaron su ake yi ba, ko kuwa sun ƙare ne. A baki babu matsala, amma yaran nan a waya za su fi rubuta ta.

Daga Samaru:
Malama, Allah ya yi wa aikinki albarka. Aikin malamin daji na yi har na yi ritaya, bari in sa baki.

Su masu kalmar ba kulle daji kawai suke nufi da ita ba. Nufinsu a ci moriyar abu daidai gwargwado, yadda zai samu sararin mayar da abin da aka ɗiba. Shi ya sa "adanawa" ba ta kwanta mini ba. Takarda ake adanawa, ko hatsi a rumbu. Daji kuwa rai gare shi, yana haihuwa, yana tsufa, ana ci daga jikinsa kullum.

Kalmar da nake gani ita ce tattali. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Manomi in yana sharar gona, ya kan sare sabara da geza, amma ya bar kaɗanya da ɗorawa, don ya san man kaɗe da daddawa daga nan suke fitowa. Ya bar gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, da rani kuma ya yi ganye da 'ya'ya dabbobi su ci, su bar taki a gindinsa. A garuruwan masunta akwai tafkin da Sarkin Ruwa ke hana shiga har sai ranar su, wato ranar kamun kifi na gayya, ta zo, kifi ya samu ya hayayyafa. Ba wanda ya ce an daina cin kifi. Lokaci aka sa masa. Wannan shi ne tattali, kuma ko kaka a ƙauye aka gaya wa za ta gane ba tare da fassara ba.

Daga Birnin Gwari:
Baba, da girmanka, amma ina da ja. Da ka ce tattali, tattalin arziki ne zai faɗo wa mutum a rai, ya ɗauka maganar kuɗi ake yi. Na biyu, ga Kamuku nan a ƙasarmu. Tun 1936 aka keɓe shi a matsayin gandun daji na En'e, a 1999 gwamnatin tarayya ta karɓe shi ya shiga jerin manyan gandayen dajin ƙasa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100. A doka ba farauta, ba noma, ba saran itace a cikinsa. To ina "cin moriya gwargwado" a nan? Hani ne zalla. Balle yanzu da in aka ambaci Kamuku, 'yan bindiga mutane ke tunawa kafin gwanki.

Daga Samaru:
Ɗana, ka yi tambaya mai kyau, amma abu biyu ka haɗa. Akwai aikin, akwai wurin. Wuri irin Kamuku, da Kuyambana da ke maƙwabtaka da shi ta ɓangaren Zamfara, muna da tsohon suna da ya dace da shi: hurumi, wato filin da al'umma ta keɓe, ba mai ikon mayar da shi gonarsa. Keɓe hurumi dabara ɗaya ce cikin dabarun tattali, kamar yadda mai rumbu ke ware iri ya hana a taɓa shi ko da yunwa ta matso. Dabbar da ta hayayyafa a ciki ita ce ke bazuwa dazuzzukan gefe.

Batun tattalin arziki kuwa, ni riba na ɗauke shi. Ai maganar arziki ce. Dubi madobiya, wadda 'yan katako ke kira Madrid. Cikin 'yan shekaru aka yi ta lodinta zuwa Sin, har a 2017 ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, ta sa wa takunkumin ciniki. Dubi kirya, wadda buhunan gawayin da ke jibge a bakin hanyoyin shigowa Kaduna ke cinyewa, itacen da ke daɗewa kafin ya girma. Sai ungulu. Mu da muka tashi muna korar su a kwata, yau sai mu yi ta ɗaga kai ba mu ga ko ɗaya ba. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai bin diddigin halin da halittun duniya ke ciki, ta sa irin ungulun nan tamu ta cikin gari a sahun halittun da ke dab da ɓacewa, guba da cinikin sassan jikinta don haɗa magani na cikin dalilan. Ita ce ke kwashe mushe kyauta kafin ya ruɓe. Da ta tafi, karnuka da ƙudaje suka gaje ta.

Daga Kawo:
To "alkinta" fa, Baba? Kada mu yar da ita, Hausa ce mai kyau.

Daga Samaru:
Ba a yar da ita ba. In fi'ili ake so, a ce mu alkinta dajinmu, daidai ne. Amma sunan fannin, wanda za a sa a kan babi, tattali ya fi sauƙin ɗaurawa: tattalin daji, tattalin ruwa, tattalin namun daji.

Daga Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Baba. Sai dai kada da kifin kogin Kaduna ba a daji suke ba, don haka kan darasin zan sa "tattalin halittu", sauran su biyo a ƙarƙashinsa. Wurin da aka keɓe in ce hurumi.

Daga Birnin Gwari:
Tattali na sallama. Hurumi ne ban gama yarda ba, don a wasu garuruwan in ka ce hurumi maƙabarta za a nuna maka. Malama, ki rubuta "hurumin namun daji" cikakke, kada ki bar shi shi kaɗai.