Dan Allah malaman nazare ku ba ni shawara, yaya kuke auna yaran da ba sa magana a aji?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni sabuwar anti ce a wata makarantar kuɗi, an ba ni nazare 2, yara 'yan shekara huɗu zuwa biyar. Jarabawar ƙarshen zango ta matso kuma mai makaranta ta ce dole kowane yaro a ba shi maki da fosishon, na ɗaya har na ƙarshe, wai haka iyaye suke so. To matsalata akwai wani yaro da ko sunansa na tambaya sai ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa, amma da an fita tara zan gan shi ya tara murafen lemo yana ƙirga wa abokinsa da Hausa har ashirin bai yi kuskure ba, har rabo yake musu. In na bi takardar jarabawa sifili zai ci, kuma wallahi na san ba daƙiƙi ba ne. Ya zan yi?

Tsohuwar malama daga Zariya:
Wa'alaikumus salam 'yata. Ai kin riga kin auna shi, rubutawa ce kawai ba ki yi ba. Ki sayi littafi guda, kowane yaro ki ware masa shafi, kullum ki zaɓi yara biyar ko shida ki sa musu ido, abin da kika gani ki rubuta da kwanan wata, a taƙaice: ya ƙirga murafe 20 da Hausa, ta riƙe fensir da yatsu uku, ya jira layi bai ture kowa ba. Kafin sati ya zagayo kin bi ajin duka. Ki ajiye zanen da suka yi farkon zango da na ƙarshe a ambulan, ranar da uwa ta zo ki shimfiɗa mata biyun gefe da gefe, ba sai kin yi dogon bayani ba.

Sannan ki daina tambayarsu kun gane? Eeeh za su ce miki baki ɗaya ko da Sinanci kika yi. Haka karatun amshi, yaro zai rera A B C har Z kamar waƙa, amma ki ɗauko M ita kaɗai ki nuna masa sai ya tsaya kallonki, kinga masu surutun ma ba duka suka iya ba. Shi kuma wancan kar ki tsaya a kansa, ki tsugunna daidai tsayinsa, ki zauna gefensa da murafen nasa ki ce miƙo min bakwai. In ya miƙo ai ya amsa, da hannu.

Maman 'yan biyu:
Anti Allah ya saka miki da kika damu ma. Ni tawa ɗaya ta zo ta 3 ɗayar ta 24, a aji ɗaya fa, tun daga ranar yayyensu suke ce mata ta baya ga dangi, yarinya ko takalmi ba ta iya ɗaurawa ba an fara mata gori. Nidai fosishon ɗin nan a nazare ban ga amfaninsa ba.

Wani uba:
Ku yi haƙuri zan ɗan saɓa. Mu da muke biyan kuɗin makaranta ta ina za mu san ana aiki? Wasu malaman in ka ce kar a ba da maki shikenan sun samu hanyar hutawa, kowane yaro a rubuta masa yana ƙoƙari, yana ƙoƙari. Lamba dai ba ta ƙarya.

Malami mai NCE ta ilimin ƙananan yara:
Alhaji lamba tana ƙarya mana, ga misali nan a sama, yaro ya iya ƙirge za a rubuta masa sifili. Abin da aka auna Turancinsa ne da rashin kunyarsa, ba lissafi ba. Kuma a aji ɗaya wani ya girmi wani da wata goma ko fi, a wannan shekarun tazara ce babba, yawanci manyan ne ke kwashe na ɗaya. Manufar ilimi ta ƙasa ma cewa ta yi a wannan matakin a koyar ta hanyar wasa, malami ɗaya yara 25, ko da yake mun san ajujuwanmu. Amma kana da gaskiya a kan yana ƙoƙari ɗin nan, lalaci ne. Malama ki tsara abubuwa kamar goma, gane launi, ƙirga abu a hannu, bin umarni mai gaɓa biyu irin ɗauko jakarka ka zauna, ba da labarin hoto, kowanne ki sa ya iya, yana kan hanya, ko bai fara ba. Wannan ya fi 68 cikin 100 gaya wa uba abin da ɗansa ke ciki.

Nas ce ni:
Ki tambayi mamansa ko yana surutu a gida. In yana yi to yawanci rashin sabo ne, kar a matsa masa, kar a yi masa tsawa gaban yara. Amma ki gwada kiran sunansa a hankali ta bayansa, in ba ya waigowa ko kunnensa na yawan zubar da ruwa a kai shi asibiti a duba ji.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, littafin gobe zan fara insha Allah. Yana waigowa kam, mamansa ma ta ce a gida ba a jin kunne don surutunsa. Saura mai makaranta, ina ga zan cike mata makinta tunda ba ni da yadda zan yi, sai in maƙala takardar tawa a baya. Malam dan Allah ka turo min sauran abubuwa goman nan, huɗu kawai ka lissafa.