Safaya ko ko-ta-kwana? Neman suna ga abin da ke ceton mai kubar zamani

Jama'a, kalma nake nema. Daren jiya na dawo gida Hotoro wajen ƙarfe 11, na ɗora yatsa a kan kubar ƙofa, irin mai karanta yatsa ɗin nan, shiru kake ji. Batir ya mutu. Ta fi mako tana tsuwa tana gargaɗina, ni kuwa kullum sai gobe. Makullin ƙarfen da ya zo tare da ita yana cikin durowa, durowar kuma tana cikin gidan da ya ƙi buɗuwa. Wata 'yar kafar USB da ke ƙasanta ce ta cece ni: na jona fawa bankin maƙwabci, ta farfaɗo, na danna lamba, ta buɗe. Bature yana ce wa irin waɗannan hanyoyi bakof. Mu fa?

Mai walda a Ƙofar Ruwa: Alhaji, ai safaya ce. Safayar taya, safayar makulli, kowa ya sani.

Ni: Malam, safaya irin abin ce sak, guda biyu. Makulli da ɗan'uwansa. Fawa banki ba ɗan'uwan yatsana ba ne.

Malamar makaranta: To a ce madadi. Yatsa ya ƙi, musamman da hunturu in fata ta bushe ta tsattsage, sai lamba ko kati ko waya ta Bluetooth su zama madadinsa.

Mai gyaran waya a Farm Centre: Hajiya, madadin naki duk batir ɗaya suke ci. Yawancinsu ƙananan batura huɗu ne a ciki, in sun mutu, yatsa da lamba da kati duk sun bi su. Abin da ya rage makullin ƙarfe, sai ciyar da ita wuta daga waje. Wasu kafar USB gare su, wasu 'yan ƙarafa biyu da ake manna wa batir mai bolt 9, mai kusurwa huɗun nan. Wannan ko-ta-kwana ne.

Ni: Yauwa! Nan na tsaya. Shirin ko-ta-kwana abu ne da aka ajiye tun ana zaman lafiya, kuma ba a son ranarsa ta zo. Sai mu raba su uku: safaya ga makulli na biyu, madadi ga lamba da kati da waya, ko-ta-kwana ga abin da ke aiki bayan batir ya mutu.

Wani dattijo daga Fagge: Yaro, mu a da sunansa maƙwabci. A hannunsa ake barin makulli.

Ni: Baba, ka gama magana. Da safen nan na kai nawa gidan Yaya, na kuma sayi batura huɗu. Ita kubar kanta har yanzu ana ja: wasu na cewa kubar zamani, wasu kuba mai ƙwaƙwalwa. Ni na fi son ta farko, don wadda ta bar ni a waje jiya ban ga ƙwaƙwalwarta ba.