Shafi ya yi kyau a kwamfuta, a wayar kwastoma ya ƙi aiki

Daga Unguwar Rimi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na haɗa wa wata Hajiya mai sayar da atamfa da leshi shafin karɓar oda. A Chrome na kwamfutata komai tsaf, amma a wayarta maɓallin tura oda ko motsi ba ya yi. Wa ya taɓa cin karo da irin wannan?

Daga Kawo: Wa alaikumus salam. Malam, fara tambayarta ko da burauzar Opera Mini take buɗe shafin. In an sa shi a matakin tsananin tsimin data, ba wayar ce ke karanta shafin ba. Sabar Opera, wato babbar kwamfutar kamfanin, ce ke buɗe shi can, ta matse, ta turo, don haka JavaScript, wato umarnin da ke sa irin wannan maɓallin aiki, ba ya samun sakewa. Haka fom ɗin rajistar wata Islamiyya ya yi mini: uba ya gama cike sunan yaro da ajinsa, ya latsa, shafi ya sake lodi, komai ya goge. Sai da na mayar da shi fom na HTML zalla, wanda bai dogara da JavaScript ba, aka samu lafiya. Kuma kada ka ce wa mutane su sauya burauza, mai lallaɓa datar ɗari biyu ba zai saurare ka ba.

Wata 'yar'uwa daga Barnawa: Ni haruffanmu ne suka wahalar da ni. Salon rubutun da na zaɓa ba shi da ƙ, ɗ da ɓ. Wata wayar ta aro su daga wani salon, suka fito karkace a tsakiyar kalma, wata tsohuwar kuma akwati kawai ta nuna. Salon rubutu mai suna Noto Sans na da su duka.

Daga Tudun Wada: Masu gwadawa a Chrome da Edge su ce sun gama, abu ɗaya kuka gwada sau biyu, domin tun 2020 Edge ya koma kan Chromium, tushen da aka gina Chrome a kai. Firefox ne ke da injinsa daban, Gecko. Chrome na iPhone kuwa a nan ƙasar injin WebKit ne a cikinsa, irin na Safari, burauzar Apple. Ni aron iPhone ɗin ƙanwata nake yi, sannan akwai tsohuwar itel a aljihun tebur don wannan aikin kawai.

Daga Rigasa: Ku ƙara da Facebook. Wanda ya latsa adireshin shafinka daga can, a burauzar cikin manhajar yake buɗewa, ba ta san ya taɓa shiga ba. Kwastomomina sun sha kirana wai an kore su daga asusunsu.