Muhawara: Aikin Shara, Ruwa Da Makamashi Zai Ɗore In Babu Masana'anta A Bayansa?

Injiniya: Assalamu alaikum jama'a. Ga maganar da na kawo, kuma ina kanta daram. Duk aikin sarrafa shara, ko tace dagwalon ruwa, ko tsimin makamashi da aka kafa ba tare da wata masana'anta ta sa hannu cewa za ta riƙa karɓar abin da ya samar ba, to kwanakinsa ƙirgaggu ne. Tallafi yana gina wuri, amma ba ya sayen kayan gyara a shekara ta biyar. Ku dubi tanderun siminti. Kayan cikinsa suna kai digiri 1,450 na zafi, harshen wutar kusan 2,000, kuma ba ya hutawa dare da rana. Tsofaffin tayoyi, robar da ba ta sake sarrafuwa, busasshiyar lakar dagwalo, duk yana cinyewa, tokar kuma ta shige cikin kilinka, wato gasassun dunƙulen da ake niƙawa su zama siminti, ba a bar abin binnewa ba. A Jamus kusan kashi 70 cikin 100 na zafin da kamfanonin siminti ke amfani da shi daga irin waɗannan kayan yake fitowa. Wace hukuma ce za ta iya wannan ita kaɗai?

Hajiya: Wa alaikumus salam. Injiniya, ka faɗi zafin wuta, amma ka tsallake abin da ake yi wa sharar kafin ta isa bakin tanderu, alhali a nan ne yawancin ayyukan ke karyewa. Kamfanin siminti ba ya karɓar shara yadda mota ta juye ta. Sai an yayyage ledoji, an tankaɗe ƙasa da ruɓaɓɓen abinci, an bi da maganaɗisu an tsame ƙarfe, an sheƙe da iska an raba mai nauyi da mara nauyi, an busar, sannan a yayyanka. Babban bututun wuta yana son gutsattsarin da bai wuce milimita 30 ba, danshi ƙasa da kashi 15, da ƙarfin zafi wajen megajul 20 (ma'aunin yawan makamashi) a kowane kilo. To a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, fiye da rabin sharar gidaje ragowar abinci ne da ganyaye, jiƙe sharkaf. Kowane kilo na ruwan da ke cikinta yana cinye sama da megajul 2 kafin ya zama tururi. In ka gama tsincewa, abin da kamfanin zai ɗauka kaɗan ne. Jiƙaƙƙen, mai wari, mai tara ƙuda, yana nan a wuyan hukumar gari kamar jiya.

Injiniya: Hajiya, ba babban bututu ne kaɗai ƙofa ba. Sashen gasa farar ƙasa da ke gaban tanderu, inda zafi ke tsakanin 850 da 900, yana karɓar manyan gutsattsari masu ƙarancin ƙarfi. Jiƙaƙƙen kuma ai ba wuta ce makomarsa ba, taki ne ko iskar gas.

Dakta: Ni abin da ya fi damuna sinadarin kulorin ne, Injiniya, kuma ka san shi sarai. Yana shigowa ta robar PVC da gishirin ragowar abinci. A wurin zafi yana tashi ya bi hayaƙi, a wurin da zafi ya sassauta ya daskare a jikin garin duwatsun da ke saukowa, ya sake komawa cikin wuta. Haka zai yi ta zagaye yana taruwa, har ya yi ɓawo ya toshe mazuraran da ke hasumiyar ɗumama kaya. In suka toshe sai an tsayar da tanderu, kuma fasa wannan ɓawon aiki ne mai haɗari ga ma'aikata, domin garin duwatsun da ke bayansa yana kwararowa da zafi mai ƙona mutum nan take. Maganinsa a gina hanyar zare wani kaso na hayaƙin, ita kuma tana da tsada, tana fitar da ƙura mai gishiri da ita ma sai an nemo mata wurin zuwa. Ƙa'idar simintin Turai ba ta yarda kulorin ya wuce kashi 0.1 ba, saboda yana sa rodi tsatsa a cikin kankare. Don haka ranar da shararka ta fara toshe masa layi, kamfanin zai rufe ƙofa ya koma kan kwal. Ba mugunta ba ce, shi siminti yake sayarwa.

Sai maganar hayaƙi. Dayoksin, sinadari mai guba da ke fitowa daga ƙona shara, yana sake haɗuwa ne idan hayaƙi ya daɗe tsakanin digiri 200 da 450, shi ya sa ake sanyaya shi da sauri kafin ya shiga matatar ƙura. Zaiba daga batura da ƙwayayen fitila kuwa wuta ba ta kashe ta. In babu na'urar auna hayaƙi a bakin bututu, wadda hukuma da maƙwabta za su iya ganin sakamakonta, to mutanen da ke zaune kusa su ne ke biyan kuɗin da lafiyarsu. Kuma a daina cewa siminti ya zama mai tsafta don yana ƙona shara. Wajen kashi 60 na iskar kabon da yake fitarwa daga gasa farar ƙasa take fitowa, sauya makamashi bai taɓa wannan kason ba.

Akanta: Ku ba ni dama in shigo ta ɓangaren kuɗi. Misalin Jamus da Injiniya ya kawo, doka ce ta haife shi. Tun watan Yunin 2005 aka hana binne sharar gidaje a can ba tare da an sarrafa ta ba. Mai shara dole ya biya wani ya karɓe ta, wannan kuɗin ne ke ɗaukar nauyin tsincewa da busarwar da Hajiya ta lissafa. Inda kuwa zubar da shara a juji kyauta ne, wa zai biya? Kamfanin zai kwatanta farashin kayanka da na kwal, ya ga ba riba, ya ja da baya.

Baban Khalifa: Duk na ji, amma a fagen ruwa ina bayan Injiniya. A Durban ta Afirka ta Kudu, an buɗe matatar sake amfani da ruwa a 2001, bisa yarjejeniyar shekara 20 tsakanin hukumar birnin da kamfani mai zaman kansa. Tana iya tace lita miliyan 47.5 a rana. Masu sayen ruwan a lokacin su ne kamfanin takarda na Mondi da matatar mai ta Sapref. Kowa ya ci moriya: masana'anta ta sami ruwa mai rahusa, birni ya rage dagwalon da yake turawa teku, ruwan shan da masana'antun ke amfani da shi a da ya koma gidaje. Abin da ya riƙe aikin shi ne mai sayen yana auna ruwan kullum, domin in launi ko gishiri ya hau, takardarsa ce za ta lalace. Matatar da ke zuba ruwanta a kogi babu mai ƙorafi washegari in famfo ɗaya ya mutu, har sai kifi ya fara tasowa. Mai saye kuwa a cikin awa guda zai buga waya.

Hajiya: Wannan gaskiya ce, Baban Khalifa, idon mai kuɗi ya fi na mai duba-gari kaifi. Amma Sapref ɗin fa? Ta dakatar da tace mai a 2022. Da ita kaɗai ce mai saye, da aikin ya rasa kasuwa. A tuna kuma da watan Janairun 2018, lokacin da Sin ta hana shigo da nau'o'in shara 24. Biranen Amurka da Turai da suka gina tsarin tsintar roba da takarda a kan wannan kasuwa guda, sai ga kaya jibge babu mai ɗauka, wasu suka koma binnewa da ƙonawa.

Dakta: Kalundborg ta Denmak, wadda kowa ke kafa hujja da ita kan yadda masana'antu ke amfani da sharar juna, tana koyar da abu biyu a lokaci guda. A 1961 aka ja bututun ruwa daga tafkin Tissø zuwa matatar mai don a rage ɗibar ruwan ƙarƙashin ƙasa. A 1972 Gyproc, kamfanin da ke yin allon gini da farin ma'adinin jifsam, ya fara karɓar rarar gas daga matatar. Daga baya tashar wuta ta Asnæs ta shiga sayar da tururi ga matatar da kuma kamfanin magunguna na Novo Nordisk, da ɗumama gidajen gari. Daga 1993, farar wutar da ake wankewa daga hayaƙin kwal ta zama jifsam da ake kai wa Gyproc. Babu wanda ya zauna ya zana wannan tsarin tun farko. Yarjejeniya ce tsakanin biyu-biyu, kowacce an ƙulla ta ne don tana da riba, kuma masana'antun suna dab da juna. Wannan ya goyi bayan Injiniya. Amma da tashar ta bar kwal ta koma ƙona gutsattsarin itace wajen 2020, wancan jifsam na hayaƙin kwal ai tushensa ya ƙafe. Jamus ma tana fuskantar haka, domin a shekarun baya kusan rabin jifsam ɗin da take amfani da shi daga tashoshin kwal yake, ga shi ta yanke barin kwal nan da 2038. Sharar wani ta zama kayan aikinka, to ranar da ya gyara aikinsa ya daina fitar da ita, kai ne a tsaka mai wuya.

Injiniya: To ai shi ya sa ake rubuta kwantiragi mai tsawo, Dakta. Shekara 15 ko 20, da sharaɗin ka ɗauka ko ka biya. Banki ma ba ya ba da rance sai ya ga wannan takardar.

Akanta: Sharaɗin yana da kaifi biyu, ranka ya daɗe. Kamar yadda ake ɗaure masana'anta ta ɗauka ko ta biya, haka ake ɗaure birni ya kawo tan kaza na shara ko ya biya tara. Daga nan birnin ba shi da sha'awar rage shara, domin ragewa asara ce a littafinsa. Denmak ta gina wuraren ƙona shara har suka fi ƙarfin shararta, ta koma shigo da ta waje, sannan a 2020 ta yanke rage ƙarfinsu da kashi 30 kafin 2030. Abin da ya kamata a rubuta shi ne ƙaramin adadi da aka tabbatar za a iya kawowa ko da an inganta tsincewa, da damar sake duba shi bayan wasu shekaru. A rubuta ingancin kaya da lambobi: danshi nawa, kulorin nawa, wa ke ɗibar samfuri, a wane ɗakin gwaji, kuma motar da aka ƙi karɓa wa zai biya kuɗin mayar da ita.

A aikin tsimin wuta rigimar ta fi wannan, saboda abin da ake sayarwa wutar da ba a ƙona ba ce. Dole a auna amfanin wuta na wata 12 kafin a taɓa komai, a ɗaura shi kan yawan kayan da ake sarrafawa. In ba haka ba, kasuwa ta yi sanyi, masana'anta ta rage aiki, kuɗin wuta ya sauka, mai kwangila ya ce aikinsa ne, mai masana'anta ya ce sam.

Baban Khalifa: Kuma ribar tana nan in an auna daidai. Bututun matsattsiyar iska da ba a kula da shi yana zubar da kashi 20 zuwa 30 ta yoyo. Fanka ko famfon da aka sa wa na'urar rage gudu, in aka sauke gudunsa da kashi 20, wutar da yake ci tana iya raguwa kusan rabi. Sai dai a famfon da ke tura ruwa sama can, ragin bai kai haka ba, kuma in aka sauke gudun da yawa ruwan ba zai hau ba ma sam. Masu tallar na'ura ba kasafai suke faɗin wannan ba.

Hajiya: Akwai ayyukan da ma'aunin Injiniya zai jefar, kuma su ne suka fi shafar rai. Kwashe shara daga unguwannin talakawa, kwashe masai, rufe tsohon juji da tace baƙin ruwan da ke tsatsowa daga ƙarƙashinsa. Babu masana'antar da za ta sayi wannan. Ga masu tsintar kwalabe da ƙarfe, waɗanda su ne ke raba shara tun kafin a kawo inji. In kwantiragi ya mallaka wa kamfani duk abin da ke cikin mota, ka raba su da abincinsu, ka kuma tura robar da za a iya sake narkarwa cikin wuta.

Injiniya: Waɗannan hidima ce, haraji ne ke ɗaukarsu, ban musa ba. Maganata a kan aikin da aka ce zai ciyar da kansa ne. Ku duba dagwalon masana'antar lemo ko sitaci: kowane kilo na dattin da ƙwayoyin halitta suka cinye a rufaffen tanki yana ba da wajen lita 350 na iskar metan, wato gas mai kama wuta, tukunyar tururin masana'antar kuma tana nan kusa za ta ƙona shi. Kai wannan tankin inda babu mai amfani da gas, sai dai a ƙona shi a banza.

Dakta: Da sharaɗi uku, Injiniya. Zafin tanki ya tsaya wajen digiri 35, ma'aunin tsami kusa da 7. Ruwan wanke layi mai soda ko asid kada ya faɗa ciki kai tsaye, sai ya bi ta tankin daidaitawa, in ba haka ba dare ɗaya zai kashe ƙwayoyin, farfaɗo da su kuma makonni ne. Na uku a riƙa bin murfi da gaɓoɓin bututu da na'urar gano yoyo, domin metan ya ninka iskar kabon kusan sau 28 wajen ɗumama duniya a shekara 100. Gas ɗin da ya tsere ba ya fitowa a mitar kowa.

Baban Khalifa: Haka ma ragowar ruwa a matatar tantani, inda ake matsa ruwa ta cikin siririn tantani don raba shi da gishiri. In ka tace kashi 75, kashi 25 da ya rage ya tattara gishirin har ninki huɗu. Masana'anta ta ɗauki mai kyau, wannan kuma ina za shi? Akanta, a kwantiragin da ka zayyana, wa ke da alhakinsa: mai tacewa, mai saye, ko hukumar da ta ba da izini?

Akanta: Mai tacewa, amma a sa kuɗinsa cikin farashin kowace lita tun ranar farko, kuma a kafa mita ta biyu a bakin inda ake zubar da shi, makullinta a hannun hukuma. Injiniya, in aka ƙara wannan kuɗin ruwan ya zo daidai da farashin na famfo, kana ganin masana'antar za ta sa hannu?