Hajiyarmu ta ruɗe cikin kwanaki: akwai likitan tsofaffi kuwa?

Maman Sadik: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyata ce, ta haura shekara 75, tana da hawan jini da ciwon suga, ga gwiwa. Likitan suga daban, na hawan jini daban, kowa ya rubuta nasa, ƙanena kuma yana biyawa kemis ya ƙaro mata diclofenac, maganin rage ciwo, da ƙwayar barci. Makon jiya da kanta take lissafin adashinta, yanzu tana kiran jikarta da sunan marigayiya yayarta. Yau da asuba ta faɗi a bakin banɗaki da buta a hannu. Babban yayanmu ya ce gigin tsufa ne, a ƙyale ta. Don Allah wa za mu gani?

Baban Ummi: Allah ya ba Hajiya lafiya. Tsufa ba shi da magani, sai haƙuri da addu'a.

Sista Rabi: Malam, addu'a dole ce, amma wannan bai yi kama da tsufa ba. Gigin tsufa a hankali yake shigowa, wata da watanni, har shekaru. Tsohon da ya ruɗe cikin kwana biyu uku, wata cuta ce ke ƙarƙashi: ciwon mafitsara, ciwon huhu, ƙarancin ruwa a jiki, ko magani. Sau da yawa ko zazzaɓi ba ya yi. Maman Sadik, ki auna sugarta yanzu. Idan maganin sugar nan glibenclamide take sha kuma cin abincinta ya ragu, suga na iya faɗuwa ƙasa sosai. In ya yi ƙasa kuma tana iya haɗiya, a dama mata sukari a ruwa, sannan a wuce asibiti yau, ba gobe ba. Ki faɗa musu ta faɗi. In ta bugu a kai ko ba ta iya taka ƙafa, sai an duba, ƙashin ƙugun tsofaffi ba ya wuyar karyewa.

Dokta Sani: Na goyi bayan Sista. Likitocin tsofaffi kuwa akwai su, fanni ne mai zaman kansa, sai dai ba su da yawa a ƙasar nan. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar tsofaffi ta Tony Anenih a 2012, na Benin ma yana da sashensu. Gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2021, amma wannan ba asibiti ba ce. Mu ma a makarantar likitanci, fannin yara yana da nasa zangon karatu da jarrabawa, tsofaffi kuwa ɗan abin da aka taɓa mana bai taka kara ya karya ba.

Ba sai kun je Ibadan ba. Ku nemi sashen likitan iyali a asibitin koyarwa mafi kusa, likita ɗaya ya riƙe ta. Ku zuba duk abin da take sha a leda guda ku ajiye masa a tebur. Shan diclofenac kullum yana taɓa ƙoda da ciki, yana kuma ɗaga jini, sai wani likitan ya ƙara maganin hawan jini bai san dalili ba. Ƙwayar barci irin diazepam kuwa tana sa jiri da faɗuwa. A roƙe shi ya auna jininta a kwance da a tsaye, ya duba ƙoda da fitsari. Kada ku yanke wani magani da kanku, musamman na barcin in ta daɗe a kansa.

Inna Talatu: A bar mata fitila a kunne da dare, a ɗauke tabarmar da ke zamewa, alwala kuma a kan kujera.

Maman Sadik: Na gode ƙwarai. Mun auna, sugar ta yi ƙasa, an ba ta ruwan sukari, ga mota nan ta iso. Dokta, akwai wani jiƙo da maƙwabciya ke kawo mata na suga, shi ma a tafi da shi?

Dokta Sani: Har gorar da yake ciki, Hajiya. Ku kuma tambayi maƙwabciyar abin da ta jiƙa.