Shin ya dace mai buƙata ya tabbatar da gyara ko ya sake buɗe tikitinsa da kansa?

Bazazzagi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni ne ke kula da sashen kwamfuta na wata makaranta, kuma da manhajar GLPI muke karɓar koke-koken ma'aikata. A tsarinmu na yanzu, injiniyan da ya yi gyara shi ne ke rufe tikiti, wato ƙorafin da aka shigar a manhajar, da hannunsa, abin da ya sa sau da yawa za ka ji an kira waya daga ofishin magatakarda ana cewa firinta ba ta bugawa har yanzu, alhali manhaja ta nuna an kammala aikin. Ina so a bai wa ma'aikata ikon su tabbatar da gyaran da kansu, ko su sake buɗe tikitin idan ba su gamsu ba, amma abokan aikina suna fargabar cewa tikitoci ba za su riƙa rufuwa ba. Ina neman shawarar waɗanda suka gwada.

'Yar Damagaram ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da kake nema yana cikin GLPI tun asali, sai dai ku daina tsallake shi. Manhajar ta bambanta matakin "an warware" da matakin "an rufe". Idan injiniya ya rubuta yadda ya magance matsalar, tikitin yana tsayawa a mataki na farko, sannan mai buƙata ya sami damar amincewa ko ƙin amincewa. Idan ya amince tikitin ya rufu, idan kuwa ya ƙi sai ya rubuta dalili, tikitin ya koma hannun mai gyara da duk tarihinsa, ba sai an sake tambayarsa wace kwamfuta ce ko a wane ofishi take ba.

Fargabar abokan aikinka tana da tushe, domin galibin mutane da zarar firinta ta fara aiki ba sa waiwayar tikiti. Maganinta shi ne wa'adin rufewa ta atomatik: ka sa adadin kwanakin da za a jira, idan suka cika ba a ji daga mai buƙata ba sai manhaja ta rufe da kanta. Ka dai tabbatar aikin rufewar da ke gudana a bayan fage a kan sabarku, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta, yana tashi a kan lokaci, in ba haka ba wa'adin zai wuce tikitocin suna nan jibge.

Bakatsine ya amsa:

Na yarda da Hajiya, amma ina jan hankali kan sake buɗewa, domin a nan gizo ke saƙar. Dole ne ikon ya kasance da iyaka. Zendesk, wata manhajar karɓar koke-koke irin GLPI, alal misali, yana zuwa da tsarin rufe tikiti kwana 4 bayan an warware shi, ba ya barin ya wuce kwana 28, kuma da zarar an rufe ba a sake buɗe shi, sai dai a samar da sabon tikiti mai alaƙa da tsohon. Hikimar ita ce akwai ma'aikacin da zai nemo tikitin kalmar sirri na watan jiya ya rubuta a ƙarƙashinsa cewa intanet ɗin ofishinsa ya yanke, kuma idan aka ƙyale haka lissafin lokacin da kuke ɗauka kafin kammala aiki ya lalace gaba ɗaya.

Akwai kuma matsalar godiya. A manhajojin da amsar imel ke farfaɗo da tikitin da aka warware, mutum zai rubuta "na gode, Allah ya saka da alheri" kawai, sai tikitin ya dawo layin masu jiran gyara kamar gyaran bai yi ba. Ba za a hana mutanenmu godiya ba, don haka ku rubuta a saƙon da ake tura musu cewa amincewa tana da maɓallinta, ƙorafi ma yana da nasa.

Ku kuma riƙa duba yawan tikitocin da ake sake buɗewa ga kowane injiniya, amma kada shugabanni su mayar da adadin sandar duka, domin ranar da aka yi haka injiniyoyi za su koma roƙon mutane ta waya su buɗe sabon tikiti maimakon su ƙi amincewa.

Bazazzagi ya sake rubutawa:

Na gode Hajiya, na gode Malam. Zan fara da ofishin magatakarda da na kuɗi kafin a faɗaɗa. Abin da ya rage mini shi ne malaman da ba sa buɗe imel ɗin makaranta, musamman lokacin hutu, waɗanda wa'adin zai cika ba su ma san an yi gyaran ba.

'Yar Damagaram ta amsa:

Ga irin waɗannan, Malam, injiniya ya kira su ko ya leƙa ofishinsu su gwada a gabansa, sannan ya rubuta a tikitin ranar da aka tabbatar da kuma wanda ya tabbatar. Gyaran da ba na gaggawa ba kuwa, a ajiye tikitinsa a matakin jira har a dawo daga hutu.