Ƙanwata na fama da lupus, wai da gaske an samo magani a Jamus?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata shekara uku kenan tana fama da lupus, ciwon nan da garkuwar jiki ke juyawa tana yaƙar mai ita, gaɓoɓi su kumbura, kumatunta da karan hanci su yi ja, in ta sha rana kuwa sai kwanciya, ga maganin prednisolone da take sha ya sa fuskarta ta yi suntum har ta daina duba madubi. Jiya wata ƙawata tace min an samo magani a Jamus. Don Allah masana da gaske ne?

Dalibin Likitanci:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Akwai gaskiya a ciki amma fa ba ƙwaya bace da za a saya a kemis. A 2022 Farfesa Georg Schett da abokan aikinsa a garin Erlangen na Jamus suka fitar da sakamakon mutum 5 da lupus ɗinsu ya gagari magani. Ana ɗibar ƙwayoyin T (wani nau'in sojojin garkuwar jiki) daga jinin majinyacin, a gyara su a ɗakin gwaji, a maida su jiki su je su share wani nau'in sojojin da ake kira ƙwayoyin B masu haɗa abin da ke sa garkuwar jiki ta juya tana yaƙar mai ita. CAR-T ake ce masa, asalinsa na kansar jini ne. Duka biyar ɗin ciwon ya lafa har suka ajiye magungunansu. Sai dai sai an fara yi wa mutum kemo (maganin nan mai ƙarfi da ake ba masu kansa), an kwantar da shi ana sa ido, ga tsada, kuma har yanzu matakin gwaji ake.

Abu Safiyya:
Kyautar Nobel ta likitanci ta 2025 ma kan yadda ake hana garkuwar jiki yaƙar mai ita aka bayar. Shimon Sakaguchi na Japan ya gano a 1995 akwai wasu ƙwayoyin T da aikinsu tsawatar wa sauran ne kar su taɓa jiki, sai Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano ƙwayar gadon FOXP3, mai kula da samuwar waɗannan ƙwayoyin, a ɓeraye a 2001.

Anti Nas:
'Yar uwa abin da nake tsoro ɗaya ne, kar jin labarin nan yasa ta ajiye hydroxychloroquine, maganin da ake ba masu lupus, ko ta yanke prednisolone farat ɗaya, wallahi akwai haɗari, likita ne ke rage shi kaɗan kaɗan. A riƙa gwada mata fitsari saboda ƙoda, lupus kan ci ƙoda shiru ba ciwo. A duba idonta ma saboda hydroxychloroquine ɗin.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti, rabon da a gwada mata fitsari tun kafin azumi, ran Litinin in sha Allahu zan kai ta da kaina.